Armaya'u, Mashawarci Kan Karaya

Aikin Armaya'u a ɗan ƙaramin asibitin unguwarsu a Tambuwal bai wuce ba da kati ba. Ya tambayi sunanka da na unguwarku, ya rubuta, ya nuna maka benci. To amma tagar da yake zama tana kallon ƙofar ɗakin da ake ɗaure rauni, don haka ya ɗauka duk wanda aka shige da shi yana ɗingishi ya bar masa wani abu na ilmin ƙashi. Wata tsohuwa ta taɓa ce masa Likita saboda ta gan shi da farar riga, tun ranar bai yarda ya sauka daga kan sunan ba. A majalisarsu ta gindin darbejiya ko zancen tsadar taki ake yi, sai ya san yadda ya ja shi har ya kai kan ƙoƙon gwiwa.

Ana nan sai taubashinsa Mannir, ɗan kawunsa da ke koyar da kwamfuta a wata makaranta a Kebbe, ya haɗa wani ɗan gem na waya. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Wani guntun mutum ne mai suna Ɗangiwa, akuyarsa ta tsinke yake binta: ya haura katanga, ya taka kan rumbu, ya kama reshen kuka, ya diro. Wanda ya fi saurin kama akuya shi ya ci. Abin da ya kama zukatan mutane kuwa shi ne faɗuwar. Ko daga ƙololuwar kuka Ɗangiwa ya suɓuto, sai ya yi tim da ƙasa, ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara zaman hula, ya ci gaba da gudu kamar ba shi ba. Kafin a ankara gem ya bi waya-waya ya ratsa Dogon Daji ya cika Tambuwal, har masu jiran kati a benci shi suke bugawa.

Kowa ya iya, ban da Armaya'u. Dalili kuwa, shi ba ya barin Ɗangiwa ya dira. In ya kai shi saman kuka sai ya tsaya ya lallaɓa da shi ya nemo tsani, ya sauko da shi a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, kafin ya taka ƙasa akuya ta kai Jega. Gazali tela ya cinye shi, malaman firamare suka cinye shi, duk ya daure. Ranar da matarsa Hamdiya ta cinye shi da hannu ɗaya, ɗayan hannun tana kaɗa miya, ranar ce abin ya tsaya masa a wuya. Bai ce ta fi shi ba. Ya ce gem ɗin ne maƙaryaci, kuma shi zai gyara shi.

Asabar na kewayowa ya hau kabu-kabu sai Kebbe. Ya iske Mannir a zaure yana karyawa. Da yake Mannir ɗan namiji ne shi kuwa ɗan mace, tun suna yara Mannir ba ya kiransa da wani suna sai bawa.

"Bawana, lafiya da sassafe?"

Armaya'u ko zama bai yi ba ya fara. "Gem ɗinga naka ƙarya ta. Mutum shi faɗo daga bisa kuka, shi tashi shina gyaran hula? Ni za a nuna ma wanga abu, ni da nika ganin ƙashi kullum?"

"Kati dai kaka gani kullum."

"Katin masu ƙashi," in ji Armaya'u.

"Wasa na, bawana. Wa ka son wasan da za shi kwantar da shi?"

"Ko wasa ba a yin shi da ƙarya."

Nan ya zauna ya shimfiɗa masa ilmin faɗuwa kamar yadda ya tsara shi a kan babur. Faɗuwar da ba ta kai gwiwa ba, ba komai ba ce, ko tsohuwa ta yi ta za ta tashi. Ta ƙugu, targaɗe. Ta katanga, tsagewar ƙashi. Ta rumbu, karaya, ba makawa. Ta kuka kuwa, sai dai a aika a kira liman. Ya ce haka za a sa a gem ɗin, kuma ladan aikinsa ɗaya ne: in an kunna waya, a ƙarƙashin sunan Mannir a rubuta da manyan baƙaƙe, Mashawarci Kan Karaya, Likita Armaya'u.

Mannir ya ajiye ludayi ya ce to, ya yarda, ba musu. Wanda ya san taubashi ya san in ya ce maka to ba musu, sai ka waiwaya ka duba bayanka. Armaya'u bai waiwaya ba. Ya koma Tambuwal yana raba labari kamar goron suna. Ya gaya wa majalisa, ya gaya wa surukansa, duk wanda ya zo karɓar kati sai ya ji cewa sunansa na gab da shiga wayar kowa a ƙasar Sakkwato. Har sabuwar farar riga ya ba Gazali ɗinki, mai aljihu biyu, don kada suna ya fito ya iske shi cikin tsohuwa.

Daga nan ya buɗe bincike a gida. Ya saki ƙwai daga kan tebur, ya fashe, ya gyaɗa kai. Ya sake sakin wani don a tabbatar. Ya hau katanga da kankana, ya sake ta, ba ta faɗa inda ya nufa ba, ta faɗa gidan maƙwabta a kan tattasan da aka shanya, sai ga sallama da zafi-zafi. Yana laluben tulu Hamdiya ta riga shi ta shige da tulun ɗaka ta ja ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Da lokacin cin abinci ya yi ta kawo masa kwano a rufe, ya buɗe ya ga fasasshen ƙwai mai ɓawo da ɓallin kankana mai yashi. Ya ɗago kai, ta ce masa sakamakon bincike ne, ta ga bai kamata a zubar ba.

Ba a daɗe ba sabon gem ya iso daga Kebbe. Wayoyin 'yan majalisa duk a cike suke, sai da kowa ya goge tsohon sannan sabon ya samu wurin zama. Armaya'u ya zo cikin sabuwar riga, aka kunna, ga suna kuwa ɓaro-ɓaro. Ya sa aka kashe aka sake kunnawa don waɗanda ke baya su gani. Gazali ne gwani, shi aka ba ya fara.

Ɗangiwa ya haura katanga, ya taka rumbu, ya diro yadda ya saba. Aka ji ƙas. Ɗangiwa bai tashi ba. Sai ga wasu mutum biyu sun fito a fuskar waya sun ɗora shi a babur, aka kama hanya mai ramuka, ana tafiya, ana tafiya, ba abin da mai waya zai danna. Aka kai shi gidan maɗori, aka ɗaure ƙafa da kara, aka karya ƙafar kaza aka ɗaure ita ma, kamar yadda wasu maɗora ke yi, in kaza ta taka mai karaya ya taka. Gazali ya ce to yanzu sai a ci gaba. Ina! Sai 'yan dubiya suka fara shigowa. Kowa ya shigo ya ce sannu, kai kuma ka danna yauwa. In ka yi jinkiri ya yi fushi ya fita, ya dawo da 'yan'uwansa a fara gaisuwa daga farko. Akwai wata goggo da ke zuwa ta zauna ta ƙi tafiya. Can akuyar da ake nema ta wuce ta ƙofar ɗaki, da 'ya'ya biyu a bayanta.

Gazali ya kira Mannir a waya, kowa na ji. "Malam Mannir, yaushe kazar ga za ta taka?"

"Sai ran da kaza ka takawa," in ji Mannir. "Ku tambayi mashawarci, shi yac ce a yi gaskiya."

Majalisa ta juyo gaba ɗaya. Armaya'u ya gyara aljihu ya ce gaskiya ɗaci gare ta, amma da sannu za su saba. Ba su saba ba. Kwana da kwanaki duk inda ka bi a Tambuwal sai ka ga magidanci ya sunkuya yana danna yauwa yana tsaki. Aka daina matsa masa a benci. Masu karɓar kati da suka fara ce masa Likita suka koma ce masa Mai Kaza. Hamdiya kuwa, wadda ita ce ta fi kowa saurin kama akuya a layinsu, ta daina zancen gem ɗin sam, kuma shirun nata ya fi tsakin majalisa ciwo.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, sai Mannir ya aiko cewa mutanen Kebbe sun ce ba ma daɗin ne kaɗai babu ba, gaskiyar ma babu. Su da rumbu suka tashi, sun sha faɗowa daga kansa su wuce gona. Don haka ko dai mashawarci ya kawo hujja a gaban jama'a, ko a cire karaya a cire suna tare. Armaya'u ya ji kamar an ce za a tuɓe masa riga a kasuwa. Ya bugi ƙirji ya ce gani ya kori ji: ranar kasuwar Kebbe kowa ya zo, zai nuna musu karaya da idonsu.

Dabararsa ita ce mutum-mutumi. Ya cusa tsumma a tsohuwar farar rigarsa da wani wando, ya yi masa ƙasusuwa da busasshen karan dawa, ya ɗura yashi a safa ya sa masa takalmi don ya yi nauyin mutum, ya kafa masa hula. Za a sako shi daga kan rumbu, a buɗe wando, kowa ya ga kara ya karye. Sai dai tsakiyar damina ce, hanyar Kebbe kuwa ba ta san mashawarci ba. Ya zaunar da mutumin nasa tsakaninsa da ɗan kabu-kabu, duk ramin da aka faɗa sai a ji ƙas. A wata mashaya da suka tsaya, wata mata mai tallar nono ta leƙa ta yi wa marar lafiya sannu, ta yi faɗa a kan yadda ake wahalar da bawan Allah a babur. Ko da suka isa, mutumin ya riga ya karye a wuri fiye da goma, ba a ko kai shi gindin rumbu ba. Armaya'u bai karaya ba. Ya faɗa wata gona a bakin gari ya karyo ɗanyen kara, ya sake masa ƙasusuwa.

Rumbun da aka zaɓa na Na'iya ne, wani dattijo da rumbunsa na laka ya fi na kowa tsayi a unguwar, ga shi a bakin hanya. Na'iya bai so ba. Tun farkon damina maƙwabta ke zuwa neman ya taimaka musu da hatsi kafin sabo ya nuna, shi kuwa yana rantsuwa cewa ba abin da ya rage a ciki sai ɓeraye. In ya hana a hau, za a ce me yake ɓoyewa. Don haka ya yarda da sharaɗi guda, ya maimaita shi har sau uku: a tsaya a kafaɗar rumbu, kada a kusanci murfin jinkar da ke rufe bakinsa. Ba sai an faɗa ba ma, kowa ya san baƙo ba ya leƙa rumbun wani, cikin rumbu sirrin gida ne.

Aka aro tsanin unguwa, wanda shi kaɗai ne ake yawo da shi gida-gida. Jama'a suka taru, 'yan kasuwa da masu wucewa, har Gazali da rabin majalisa sun biyo daga Tambuwal don kada a ba su labari. Armaya'u ya hau da mutuminsa a kafaɗa, ya tsaya can sama cikin sabuwar riga. Ganin kawuna a ƙasa ya sa ya manta da abin da ya kawo shi, ya shiga lacca. Ya faro daga gwiwa ya bi ta ƙugu, ya yi bayanin ɓargo, ya faɗi wasu kalmomin Turanci da shi ma bai taɓa jin an faɗa ba sai a bakinsa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wani da ɗakinsa ke yoyo ya zo ya ɗauke tsani ya tafi gyaran rufi, ba wanda ya hana shi, don ba a hana mai yoyo tsani.

"Ku buɗe ido," in ji Armaya'u a ƙarshe. "Yanzu za ku ga abin da rumbu ka yi ma ɗan Adam."

Ya sake shi. Yashin da ke cikin takalmi ya ja ƙafafu ƙasa, mutum-mutumi ya sauko a miƙe, ya kafe cikin taɓo har idon sawu. Ɗanyen kara ya lanƙwashe, ya dawo. Mutumin ya ɗan yi rawa gaba da baya, ya tsaya cak, ko hularsa ba ta goce ba.

Sai wani daga baya ya ce, "Ɗangiwa na!" Wuri ya kaure da shewa da tafi. Gazali ya je ya kakkaɓe wa mutumin riga, ya gyara masa hula, ya ba shi hannu suka gaisa.

Armaya'u ya ce kuskuren kara ne, a dakata ya sauko ya gyara. Ya juya ya miƙa ƙafa, ba tsani.

"Dira mana, bawana," in ji Mannir daga ƙasa. "Ga taɓo mai laushi."

"In dira in karye?"

"To ai shi munka zo gani."

"Ba da ƙafata ba."

"In ka karye, ka ci, suna ya zauna. In ba ka karye ba, ka samu ƙafarka. Ko ta ina riba ta."

Wani mai furfura ya ce shi bara daga nan daidai ya zamo, ya tashi ya wuce daurin aure. Wata tsohuwa ta ce a bar shi, mutanen birni ƙashinsu na alli ne. Aka kawo tabarma aka ce za a tare shi, ya ce bai yarda da masu riƙon ba. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai na sama ya fara sauka. Yayyafi na taɓa laka ta fara santsi. Armaya'u ya ji takalminsa na tafiya ba da izininsa ba, ya rarrafa sama, ya rungume murfin jinka, ya haye ya zauna daram. Na'iya ya ɗaga hannu biyu yana cewa kak ka taɓa, kak ka taɓa. Jinkar ta ga damina da yawa. Ta yi wata 'yar ƙara, ta buɗe baki, mashawarci ya ɓace, sai hula ta rage a sama.

Mata suka fara salati. Mannir kansa dariya ta ɗauke masa, ya manna kunne a jikin rumbu yana kiran Armaya'u da sunansa na gaskiya, abin da bai taɓa yi ba. Can sai murya ta fito daga ciki, rumbu ya ƙara mata kauri yadda har na bakin kasuwa ya ji.

"Lafiya lau nike! Ko ƙwarzane babu! Gero yat tare ni, dammuna na nan jibge sun fi rabin rumbu, har da dawa!"

Kawunan da ke kallon sama suka sauko a hankali suka juya wajen Na'iya. Na'iya ya ce ajiya ce, ta wani ce, mutumin yana can garin Fakku. Maƙwabcinsa, wanda ya je neman hatsi har sau biyu aka sallame shi da addu'a, ya matso ya ce, "Ashe ɓerayen gidanka sun iya ɗaurin dami, Na'iya." Nan fa aka bar zancen faɗuwa aka kama na hatsi, kowa na tuno ranar da ya zo da irin rantsuwar da aka yi masa.

Da ƙyar aka samo tsani, aka zura igiya aka jawo Armaya'u, ya sauko fari fat da ƙaiƙayi yana atishawa. Da wani ne, da ya ji kunya ya nemi hanyar tasha. Shi kuwa da ya shafa jikinsa ya ji komai na nan, sai baki ya dawo. Ya taka wani ɗan faifan dutse da ke gindin rumbu, wanda tsayinsa bai kai taƙi ba, don a fi ganinsa. Ya ce abin da suka gani ba sa'a ba ce, ilmi ne: shi ya san yadda ake sakin gaɓoɓi a iska, wanda bai karanci ƙashi ba da yanzu ana haƙa masa kabari.

"To tsaya," in ji Mannir. "Ka faɗo daga bisa rumbu ko ba ka faɗo ba?"

"Na faɗo."

"Ina karaya?"

Sai Armaya'u ya hango Na'iya ya ratso taro da taɓarya a hannu, ba kuma daka zai yi ba. Ya ja da baya. Ƙafa ɗaya ta sauka daga kan dutsen, ta sami taɓo, ta tafi gabas, sauran jiki ya tafi yamma. Aka ji ƙas, irin ta cikin gem sak. Wannan ita ce faɗuwar da ba ta kai gwiwa ba, wadda ko tsohuwa ta yi za ta tashi. Armaya'u bai tashi ba. Ya kira sunan innarsa da wata murya da ba ta da alaƙa da likitanci, har Na'iya ya ajiye taɓarya ya ce Allah ya riga shi.

Abin da ya biyo baya duk wanda ke wurin ya riga ya gan shi a waya. Mutum biyu suka ɗora shi a babur, aka bi hanya mai ramuka, duk ramin da aka faɗa sai ya sake kiran inna. Ya ce a kai shi asibiti, aka ce rafi ya kawo, mota ba ta wucewa sai ruwa ya janye. Aka kai shi wurin Malam Almu maɗori, aka ɗaure ƙafa da kara. Malam Almu ya nemi kaza. Aka kwantar da mashawarci a gidan kawunsa, aka ɗaure kazar a bakin ƙofa inda za su riƙa kallon juna.

Sai 'yan dubiya. Kebbe ta zo, Tambuwal ta zo, har waɗanda suka samu hatsi a dalilinsa suka zo godiya, don Na'iya bai ga hanyar da zai bi ba sai da ya buɗe rumbu. Kowa ya shigo ya ce sannu, shi kuma ya ce yauwa. Gazali kan shigo ya ce sannu, ya fita, ya zagaya ya dawo ya sake cewa sannu, in an yi jinkirin amsawa ya ce zai je ya kira 'yan'uwansa. Akwai kuma goggo ta gaske, wadda ta zo ta zauna ta ƙi tafiya. Hamdiya ta taho daga Tambuwal tana jinya, ba ta taɓa ce masa ai ga shi nan ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Jiki magayi. Armaya'u ya gaji da rufin ɗaki, ya gaji da kaza, ya gaji da yauwa. In ya ga mutum ya miƙe daga kan tabarma haka kawai ya fita, sai ya ji hassada ta kama shi.

Wata la'asar Mannir ya shigo ya ajiye masa waya a kan ƙirji. Ya ce an mai da gem yadda yake, amma alkawari kaya ne, suna na nan. Armaya'u ya kunna. Fuskar waya ta rabu biyu, an rubuta a sama, Wa za ka zaɓa? A dama ga Ɗangiwa da hularsa. A hagu ga wani mai farar riga da kaza a hammata, a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe, Mashawarci Kan Karaya, Likita Armaya'u. Mannir ya ce wanda ya zaɓi na hagu zai samu gaskiya tsantsa, da babur da dubiya da goggo, kuma ya zuwa yanzu ba a samu wanda ya zaɓe shi sau biyu ba.

"Sunanka ya shiga wayar kowa, bawana. Ba ka gode ba?"

Armaya'u ya juya fuska bango ya ce barci yake ji.

Sai da ya ji takun Mannir ya ɓace, goggo kuma ta fita alwala, sannan ya jawo wayar. Ya dubi sunansa, ya daɗe yana dubansa. Ya dubi kaza, kaza ta dube shi a kan ƙafa ɗaya. Ya danna dama.

Ɗangiwa ya haura katanga, ya taka rumbu, ya kai ƙololuwar kuka. Ga tsani nan a jingine inda yake kullum. Armaya'u ya ɗan tsaya, ya cije leɓe, ya tura shi ta ɗaya gefen. Tim. Ɗangiwa ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula. Armaya'u ya ji wani sanyi ya ratsa shi har cikin karan ɗori. Ya mai da shi saman kuka ya sake turo shi. Ya sake.

Bai san Hamdiya na tsaye a kansa da kwanon fura ba sai da ta yi magana.

"Malam, akuya fa ta wuce."

Bai ɓoye wayar ba, bai kuma ɗago kai ba.

"Bar ta ta tafi," ya ce. "Ni tashin nan nika kallo."